Siram Ɗin Bitamin C Ba Lema Ba Ne: Sharhi Kan Tallan Kare Fata Daga Ranar Hunturu

Makonni biyu da suka wuce Gwaggona ta turo min wani bidiyo ta WhatsApp, ta biyo shi da saƙon murya: "Ke 'yar boko, duba min wannan. Na riga na saya wa yaron nan, ki faɗa min sau nawa za a riƙa shafa masa." Yaron da take nufi jikanta ne, zabiya, shekararsa tara.

Bidiyon bai fi minti biyu ba. Wata mata ce riƙe da 'yar ƙaramar kwalba mai bakin ɗiga, tana bayani da Hausa cewa ranar lokacin sanyi ta fi yaudara, tana lalata fata ba tare da an ji zafinta ba, kuma maganin abin shi ne wannan siram mai bitamin C da sinadaran antioksidan, wanda a cewarta garkuwa ne tsakanin fata da rana. A bayanta ana ta nuno hotunan Turawa cikin dusar ƙanƙara. Tun daga ranar na bi irin waɗannan tallace-tallace da rubuce-rubucen da suke kwafowa, na ga kusan duk bakinsu ɗaya. Akwai gaskiya a cikin maganar, ba kaɗan ba ma. Amma an ɗora wa gaskiyar kayan da ba za ta iya ɗauka ba, kuma a wajen yaro irin jikan Gwaggo, kuskuren yana iya zama na rai.

Bari mu fara da inda suka yi daidai.

Hasken rana yana zuwa da wani ɓangare da ido ba ya gani, wanda ake kira UV. Iri biyu ne suke iso mana ƙasa. UVB, mai tsawon zango daga nanomita 280 zuwa 315, shi ne mai ƙona fata, kuma yana taɓa DNA kai tsaye: ya haɗe wasu haruffa biyu maƙwabta a jikin zaren ta yadda idan tantani ya zo kwafe kansa sai ya yi kuskure. UVA kuwa, daga 315 zuwa 400, shi ne kusan kashi 95 cikin ɗari na UV ɗin da ke sauka a kanmu. Ya fi nutsawa cikin fata, yana ratsa gilashin taga, kuma yawancin ɓarnarsa ta bayan gida yake yin ta: yana haifar da wasu ƙwayoyin sinadari da ake kira firi-radikal. Ni nakan kira su gwauraye, domin lantarkin da ke jikinsu ba shi da abokin zama, saboda haka duk abin da suka tarar, kitsen bangon tantani ne, furotin ne, DNA ne, sai sun fizgi guda daga jikinsa. Su ne kuma suke tayar da wasu enzayim masu yanka kolajin, wato igiyoyin da ke riƙe fata ta tsaya da kyau. Daga nan tamoji da saki. Antioksidan shi ne sinadarin da ke miƙa wa gwauron nan lantarki ya huce kafin ya yi ta'asa. Fatarmu tana da nata, bitamin E da bitamin C da glutatayon da sauransu, kuma an nuna cewa rana tana ƙarar da bitamin E na saman fata tun kafin ta kai ga ƙona ta. To tunanin a ƙara wa fata antioksidan daga waje ba shirme ba ne. Yana da tushe.

Matsala ta farko ita ce kalmar garkuwa. Garkuwa tare kibiya take yi. Man kariya daga rana, wato sanskirin, shi ne ke wannan aiki: sinadaransa suna shanye hasken UV kafin ya shiga. Bitamin C ba ya tare UVA ko UVB ta wannan hanya. Hasken zai shige abinsa, shi kuma ya tsaya a ciki yana kwashe wani ɓangare na tarkacen. Bambancin mai gadin ƙofa ne da mai shara. Kuma haɗewar haruffan DNA da UVB ke yi kai tsaye, wadda ita ce babbar hanyar kansar fata, asalinta ba aikin gwauraye ba ne, balle a ce mai kama gwauraye zai wadatar.

Yanzu ga binciken da kusan duk masu tallan nan suke jingina da shi, ko sun sani ko ba su sani ba. Daga ɗakin binciken Sheldon Pinnell na Jami'ar Duke a Amurka ya fito. A 2001 shi da abokan aikinsa suka nuna cewa bitamin C ba ya shiga fata yadda ya kamata sai tsamin ruwan ya kai, wato pH ƙasa da 3.5, kuma shigarsa tana ƙurewa a wajen kashi 20 cikin ɗari. Ƙari a kan haka ba ya ƙara komai. A 2003 suka haɗa bitamin C kashi 15 da bitamin E kashi 1, suka samu kariya ninki huɗu daga jan da rana ke sa fata. A 2005 suka ƙara ferulik asid kashi 0.5, kariyar ta koma ninki takwas. Aiki ne mai kyau, ni ban raina shi ba. Sai dai a lura da abu uku. Waɗannan gwaje-gwajen a fatar alade aka yi su, an shafa haɗin kwana huɗu a jere kafin a haska fitilar UV, kuma sabon haɗi ne da aka auna a ɗakin gwaji. Gwajin da ya biyo baya a jikin mutum, a 2008, mutane 'yan kaɗan ne, kuma abin da aka auna ja ne da alamun lalacewar tantani cikin kwanaki, ba kansa ko tsufan fata bayan shekaru ba. Sannan Pinnell yana cikin waɗanda suka kafa kamfanin SkinCeuticals mai sayar da wannan haɗin, wanda L'Oréal ta saya a 2005. Wannan bai ƙaryata sakamakon ba, amma ya kamata mai karatu ya sani. Kuma masu binciken ba su ce a jefar da sanskirin ba. Ƙari suka ɗauki haɗin nasu a kansa.

Kwalbar da Gwaggo ta saya fa? Ta ɗauko min hotonta gaba da baya. An rubuta bitamin C da manyan baƙaƙe, amma babu kaso, babu pH, babu lambar SPF ko ɗaya. Kwalbar fara ce tas, ana hango ruwan ciki, kuma ruwan ya riga ya koma kalar shayi. Duk wanda ya taɓa haɗa ruwan askobik asid a ɗakin gwaji ya san ma'anar wannan kala. Sinadarin ba ya jure iska da haske da zafi. Yana yin tsatsa, ya tashi daga fari zuwa rawaya zuwa ruwan ƙasa. Wato antioksidan ɗin ya gama ba da lantarkinsa tun yana kan kanta, ga iskar da ke cikin kwalba. Ku tuna irin tafiyar da kayan nan suke yi kafin su zo hannunmu: kwantena, sito, shagon kwano da rana ke dukansa tun safe. An taɓa gwada wasu sanskirin na kasuwa a 2011 waɗanda aka rubuta suna ɗauke da antioksidan, aka tarar yawancinsu ba su da wani ƙarfin antioksidan na a zo a gani. Kariyar da suke bayarwa daga masu tare hasken take zuwa. Rubutu a jikin kwalba daban, abin da ke aiki a fata daban.

Nan zan ɗan yi ikirari, domin mu ma masu bincike muna da hannu a wannan ruɗani. Ni kaina na yi gwajin DPPH har na gaji. Ruwa ne mai kalar shunayya. Ka ɗiga masa ruwan zogale ko na zoɓo ko na ganyen kuka, ya koɗe ya koma rawaya, ka auna a na'ura, ka rubuta cewa tsiron yana da ƙarfin antioksidan kaza. Kundin digiri nawa aka cika da wannan a jami'o'inmu? Amma wallahi kusan kowane ganye zai koɗar da ruwan nan. Abin da gwajin ke faɗa shi ne abin da ya faru a cikin kwalbar gwaji, shi ke nan. Bai ce sinadarin zai ratsa saman fata ba, wadda aikinta ke nan hana abubuwa shiga (a bisa al'ada, ƙwayar da nauyinta ya wuce dalton 500 da ƙyar take wucewa). Bai ce zai isa inda ake buƙatarsa da ransa ba. Ma'aikatar noma ta Amurka ta taɓa ajiye wani dogon jadawali na ƙarfin antioksidan na abinci, wanda ake kira ORAC. A 2012 ta sauke shi da kanta, saboda 'yan kasuwa suna talla da lambobin alhali babu hujjar cewa suna nuna wani amfani a jikin mutum. Idan kun ga an ce man kaza ya fi kaza ƙarfin antioksidan ninki hamsin, yawanci irin wannan lamba ce.

Idan ana son a san abin da ke kare fata a rayuwa ta zahiri, sai a je Nambour, wani gari a jihar Queensland ta Ostireliya. Daga 1992 zuwa 1996 an bi mutum 1,621. An raba su: wasu suna shafa sanskirin kullum, wasu sai sun ga dama, sannan wasu suna shan ƙwayar beta-karotin, wadda antioksidan ce, wasu suna shan ƙwayar bogi. Masu shafawa kullum sun samu raguwar kusan kashi 40 na ƙullutun wata kansar fata da ake kira sukwamos. Da aka duba tsufan fata a mutum 903 daga cikinsu, masu shafawa kullum sun fi sauran da kashi 24. Beta-karotin kuwa bai nuna kariya daga kansar ba. Na sani, sha daban, shafawa daban, kuma ba adalci ba ne a yanke wa siram hukunci da sakamakon ƙwaya. Abin da nake nunawa shi ne sanskirin ya ci irin wannan jarrabawa, ta mutane da yawa da shekaru, siram kuwa hujjarsa ta gajeren zango ce. Kuma tarihin antioksidan ya isa ya sa mutum taka tsantsan: a Finlan, gwajin da aka yi wa maza masu shan taba sama da dubu 29, wanda aka buga a 1994, ya nuna beta-karotin ya ƙara kansar huhu da kashi 18, ba rage ta ba. Tunani mai daɗi a takarda ya sha kunyata mu.

Matsala ta biyu, wadda ta fi ba ni haushi, ita ce kwafo lokacin sanyin wasu a manna wa namu. Rubuce-rubucen asali don mutanen Turai da Arewacin Amurka aka yi su. A can, a watan Disamba, rana ba ta tashi sama sosai. A Landan, da tsakar rana, takan tsaya ne a wajen digiri 15 daga sararin ƙasa. Inuwar mutum takan kusa ninka tsawonsa huɗu. Hasken yana ratso iska mai kauri a karkace, UVB ya kusa ƙarewa a hanya, ma'aunin UV ya sauka zuwa 1 ko ƙasa, alhali Hukumar Lafiya ta Duniya daga 3 take cewa a fara kariya. Shi ya sa marubutan can sai sun nemo dalilin da zai sa mutum ya damu: UVA da bai ragu kamar UVB ba, dusar ƙanƙara sabuwa wadda ke iya maido da har kashi 80 na UV, da hawa duwatsu, inda UV ke ƙaruwa da kashi 10 zuwa 12 a duk mita dubu. Ga mai wasan zamiya a duwatsun Siwizalan wannan gaskiya ce. Ga ma'aikacin ofis a Landan a Janairu, akwai ƙarin gishiri.

Mu fa? Kano tana kan digiri 12 arewa da tsakiyar duniya. A ƙarshen Disamba, lokacin da ranarmu ta fi kowane lokaci yin ƙasa, tana kaiwa kusan digiri 55 da azahar. Wannan daidai yake da tsayin ranar Landan a farkon watan Agusta, tsakiyar bazararsu. Ku fita da azahar ku dubi inuwarku: ta fi ku gajarta, kuma wannan ita ce alama mafi sauƙi ta cewa UV yana da ƙarfi. Wato mu ba mu da lokacin da rana ke hutu. Hazon hunturu, ƙurar da iska ke kwasowa daga Sahara, musamman kwarin Bodele a Chadi, yana rage wani ɓangare na UV a ranakun da ya yi kauri, amma ba ya kawar da shi, kuma ba kullum yake kauri ba. Sanyin iska kuma yana ruɗinmu, domin zafin da fata ke ji ba daga UV yake zuwa ba. Ga shi lokacin ne muke fitowa shan hantsi, a shimfiɗa tabarma a rana, yara su wuni a waje. Saboda haka mai tallan ta yi gaskiya da ta ce ranar hunturu tana da yaudara, har ma ta fi yadda ta zata. Amma ta kawo mana maganin da aka tsara a matsayin ɗan ƙari ga masu rana mai rauni, ta ce shi ne garkuwar masu rana mai ƙarfi.

Kuma wace fata ake magana a kai? Baƙar fata tana da melanin mai yawa. Wani tsohon awo na 1979 ya ƙiyasta kariyar saman baƙar fata a kusan SPF 13, ta farar fata kusan 3. Kansar fata da rana ke jawowa ba ta da yawa a cikinmu. Melanoma idan ta zo wa baƙin mutum ta fi fitowa a tafin ƙafa ko ƙarƙashin farce, inda rana ba ta kaiwa (ta Bob Marley a yatsan ƙafa ta fara). Don haka tsoratar da kowa da kansa don a sayar masa da siram ba gaskiya ba ne. Abin da rana ta fi yi wa yawancinmu shi ne tabo: baƙin da ke shimfiɗuwa a kumatu da goshi, musamman ga mata lokacin ciki, da duhun da ƙuraje ke bari. A nan ma akwai abin da tallan bai faɗa ba. An nuna a 2010 cewa hasken da ido ke gani ma, ba UV kaɗai ba, yana sa fata mai duhu ta ƙara duhu mai daɗewa. Sanskirin na gama-gari ba ya tare shi sosai. Mai kala, wanda aka sa wa ayon oksaid, shi ya fi. Bitamin C da niyasinamaid suna ɗan taimakawa wajen rage tabo, wannan akwai hujjarsa, amma idan ana shafa su ana komawa rana babu kariya, zuba ruwa ne a kwando.

Ga kuma abin da babu wanda ya gaya wa mai saye. Siram ɗin da aka haɗa daidai mai tsami ne, mun ce ƙasa da pH 3.5. A hunturu, laimar iska takan sauka ƙasa da kashi 20 a Arewa, fata ta bushe, ta yi furu-furu, ta tsattsage. Ɗiga asid a kan irin wannan fata raɗaɗi ne da kumburi, kuma kumburi a baƙar fata tabo yake bari, abin da aka sayi siram ɗin don a gudu. Wadda fatarta ta riga ta yi siriri da man bilicin mai sitiroid ko haidurokwinon, nata ya fi muni, kuma ita ce ta fi kowa buƙatar kariyar gaske daga rana, tunda ta rage melanin ɗinta da hannunta. Masu matsa lemon tsami a fuska wai ai shi ma bitamin C ne, don Allah ku bari: yana ɗauke da wasu sinadarai da idan rana ta same su a fata suke ƙona ta har ta yi bororo, ta bar baƙi na watanni.

Abin da fata ke nema a hunturu da farko shi ne a rufe mata ruwanta kada ya tsere. Basilin ɗin da kakanninmu ke laftawa yara bayan wanka yana yin wannan fiye da yawancin mayuka masu tsada, man kaɗanya ma haka. Amma su ma ba sanskirin ba ne. Da aka auna man kwakwa da man irin karas a jikin mutum, babu wanda SPF ɗinsa ya kai 3.

Mu koma ga jikan Gwaggo. Zabiya ba shi da wannan melanin, ko kuma kaɗan ne ƙwarai. A ƙasashenmu kansar fata tana cikin manyan abubuwan da ke kashe zabiyoyi, da yawa tun suna matasa, kuma ɓarnar tun yarinta take taruwa, a kunne, a wuya, a leɓe, a bayan hannu. Yaro irin wannan idan aka shafa masa siram aka sake shi a rana da tunanin an sa masa garkuwa, an fi cutar da shi a kan a bar shi haka, domin da ba a shafa ba da ana kiransa ya dawo inuwa. Abin da yake buƙata sananne ne: malafa mai faɗin baki, riga mai dogon hannu mai saƙa a matse, tabarau mai tare UV, inuwa daga hantsi zuwa la'asar, da sanskirin mai SPF 50 wanda ke tare UVA da UVB duka, a maimaita shi duk awa biyu idan yana waje. A shafa da yawa kuma. Lambar SPF da miligiram 2 a kowace murabba'in santimita ake auna ta, mutane kuwa rabin haka ko ƙasa suke shafawa, sai kariyar ta zube. SPF 30 yana tare kusan kashi 97 na UVB, SPF 50 kusan 98, idan an shafa yadda aka auna. Duk wani gyambo ko ɓawon da ya ƙi warkewa, a kai shi wajen likitan fata, kada a jira.

Wanda ya riga ya tanadi waɗannan, kuma yana da rarar kuɗi, ya sayi siram ɗinsa, ban hana ba. Ya nemi wanda aka rubuta kasonsa, tsakanin 10 zuwa 20, a kwalba mai duhu ko mai famfo, mai lambar NAFDAC, ya ajiye shi a wuri mai sanyi, ya shafa da safe a ƙarƙashin sanskirin, ya zubar idan ya koma kalar shayi.

Na kira Gwaggo na yi mata wannan bayani a taƙaice. Ta yi shiru, sannan ta ce, "To ni kuɗina fa, 'yar nan?" Na ce, "Gwaggo, sai haƙuri, wannan kwalbar ta riga ta mutu." Ba ta ji daɗi ba, ta ce mai shagon ta rantse mata daga waje aka kawo shi. Ranar Asabar na aika musu da sanskirin da malafa. Malafar ta yi wa yaron yawa, sai da aka ɗaura mata igiya, kuma an ce min har yanzu da ya fita ƙofar gida yake cire ta saboda abokansa suna kiransa manomi.